Wai, an ce, na gani: sharhi a kan koyar da tantance labarai a makarantun karkara, misalin Bangi

0. Gabatarwa

A shekara ta 2011 hukumar UNESCO ta fito da manhajar horar da malamai a kan abin da ake kira da faransanci *éducation aux médias et à l'information*, wanda za mu kira a nan ilimin tantance labarai. An buga ta da faransanci a 2012, aka sabunta ta a 2021. A wannan shekara ta 2021 ne kuma babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware ranakun 24 zuwa 31 ga watan oktoba domin wannan ilimi, Abuja ta karɓi baƙuncin bikin a 2022. Duk inda ake zancen shigar da wannan darasi makarantu, wannan manhaja ce madogarar da aka fi ambata.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna manhajar da ma'aunin wuri guda, wato ƙaramar hukumar Bangi, cikin gundumar Madawa, jihar Tawa. Tambayar da muke yi ta mai nazarin harshe ce: da wane harshe labari ke isowa ga ɗalibi, ta wace kafa, kuma da wane harshe ake son koya masa tantance shi? Abin da za mu nuna shi ne, manhajar ta tanadi makamai domin mai karatu, alhali labarin da ke tayar da gari a Bangi ta kunne yake shigowa, kuma da hausa. Za mu nuna har ila yau cewa nahawun hausa yana ɗauke da mafi yawan abin da ake bukata, in da za a koyar da shi ta wannan fuska.

1. Abin da manhajar ta ƙunsa

Bugun 2011 yana da manyan babuka 9. Na farko ya shafi zama ɗan ƙasa da ƴancin faɗar albarkacin baki, na biyu aikin jarida da ladubbansa, sannan akwai na talla, na intanet, na amfani da ɗakin karatu, da sauransu. Bugun 2021 ya faɗaɗa, ya ware babi musamman a kan labaran ƙarya da kalaman ƙiyayya. Ya kamata a yaba wa aikin ta fuska biyu. Da farko, bai ɗauki yaro a matsayin wanda za a kare kawai ba, ya ɗauke shi mai hankalin da za a horar. Na biyu, masu shi sun faɗa a fili cewa kowace ƙasa ta daidaita shi da halinta.

Sai dai kowace manhaja tana da asali. Wannan ilimi ya taso daga sanarwar Grünwald ta 1982, a Jamus, lokacin da damuwar malaman Turai ita ce telebijin, kuma a Faransa cibiyar CLEMI, wadda aka kafa a 1983, ta gina shi a kan shigar da jarida cikin aji. A waɗannan ƙasashe harshen jarida, da na telebijin, da na allon makaranta, da na gida, galibi ɗaya ne, saboda haka batun harshe bai taso ba. Wannan gado yana bayyana a babi na 4 na bugun 2011, wanda sunansa ya ambaci harsunan kafofin labarai. Mai nazarin harshe da ya buɗe shi da zumuɗi zai tarar cewa abin da ake nufi da harshe shi ne tsarin shafin jarida, da nau'o'in fim, da yadda hoto ke isar da ma'ana. Harshen da mutane ke magana da shi a kasuwa bai samu gurbin kirki ba.

Dabarun da ake koya wa ɗalibi su ma haka suke: ka duba sunan marubuci, ka duba kwanan wata, ka duba adireshin shafin, ka kwatanta da wata jarida, ka binciki asalin hoto. Kowace daga cikinsu tana bukatar abu uku: rubutu, da intanet mai ƙarfi, da lokaci.

2. Yadda labari ke tafiya a Bangi

Bangi tana bakin iyaka da jihar Sakkwato ta Najeriya. Gobirawan wannan gefe da na wancan dangi ne, kasuwanninsu ɗaya, karin harshensu ɗaya. A watan nuwamba na 2021, bisa ga hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, mutane fiye da 11.500 suka tsere wa hare-haren ƴan bindiga a jihar Sakkwato, suka samu mafaka a ƙauyuka 26 na wannan ƙaramar hukuma. Mafi yawansu mata ne da yara.

A irin wannan wuri, labari abu ne da ake yanke shawara a kansa cikin dare: a kwana gida ko a kwana daji, a tafi gona ko a fasa, a kai dabbobi kasuwa ko a bari. Idan labarin ƙarya ne aka gaskata, gari ya watse a banza, kasuwa ta ƙi ci. Idan na gaskiya ne aka yi watsi da shi, sai a rasa rai. Saboda haka nasihar nan ta cewa kada ka yarda sai ka tabbatar ba ta wadatar ba, domin sau da yawa babu halin tabbatarwa kafin gari ya waye. Abin da mutum ke bukata shi ne ya iya auna nauyin magana, ya san wadda za a tashi a kanta da wadda za a jira.

Kafofin da wannan labari ke bi sanannu ne: baki da baki, da rediyo, da wayar salula, musamman saƙon murya na WhatsApp, wanda bai bukatar iya karatu. Mafi yawan iyayen ɗalibai ba su karatun boko, kuma ɗan kwaleji ne ake miƙa wa waya a ce ya duba. Ke nan yaron da muke koyarwa ya riga ya zama tafinta a gidansu. Amma a aji, a kwaleji da lise, da faransanci ake koya masa, a kan rubutattun misalai, irin waɗanda ba su ne ke shigowa wayar mahaifinsa ba.

3. Alamun tushen magana a hausa

Masu nazarin harshe sun daɗe da lura cewa harsuna suna da hanyoyin nuna inda mai magana ya samo abin da yake faɗi. Guentchéva (1996) ta tattara bincike a kan haka da faransanci, Aikhenvald (2004) kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na harsunan duniya suna tilasta wannan alama cikin nahawunsu. Hausa ba ta tilasta ba, amma tana da kayan aikin, kuma jama'a suna hukunta wanda ya yi sakaci da su. Mu dubi waɗannan jimloli da muka ƙirƙira domin misali:

(1) Ƴan bindiga sun shiga garin.
(2) Da idona na ga ƴan bindiga sun shiga garin.
(3) Ƴan bindiga sun shiga garin, in ji mai gari.
(4) An ce ƴan bindiga sun shiga garin.
(5) Wai ƴan bindiga sun shiga garin.
(6) Ashe ƴan bindiga sun shiga garin!

Abin da aka faɗa ɗaya ne a duka shida, amma ɗaukar nauyin maganar ya bambanta. A (1) mai magana ya ɗauki nauyi ba tare da ya faɗi hujjarsa ba. A (2) ganau ne. A (3) jiyau ne, amma ya ambaci wanda za a koma wa a tambaya. A (4) lamirin *an* ya ɓoye mai faɗa. A (5) *wai* ta ƙara nisa, har tana iya nuna shakka, gwargwadon yadda aka furta ta. A (6) *ashe* tana nuna cewa mai magana bai zata ba, yanzu ne ya gano. Yaro ɗan shekara bakwai yana rarrabe waɗannan, kuma ya san abin da ake nufi idan babba ya ce masa: wa ya gaya maka? Harshen yana da sunaye ma na matakan rashin tushe: ji-ta-ji-ta, raɗe-raɗi, shaci-faɗi, ƙanzon kurege.

Faransanci yana yin wannan aiki ta wata hanya:

(7) Des hommes armés seraient entrés dans le village.

Duk *wai* ɗin jimlar yana cikin siffar aikatau, *seraient* maimakon *sont*. Ɗalibinmu ya fara sanin wannan siffa a matsayin ta sharaɗi ko ta ladabi, ma'anarta ta aikin jarida kuwa sai daga baya, in ma ya kai gare ta. Yana iya karanta (7) ya fahimci (1). Wato a harshen da ake koya masa tantancewa, kunnensa bai jin alamar shakka, a harshen da kunnensa ke jin ta kuwa, ba a koya masa komai a kanta ba.

4. Abin da turawa ke yi wa magana

A nan ne muke ganin babban giɓin manhajar. Idan labari yana tafiya baki da baki, kowane mai ɗauka yana ƙara masa alama: *na gani* ya koma *wane ya ce ya gani*, ya koma *an ce*, ya koma *wai an ce*. Mai sauraro yana jin tsawon hanyar da maganar ta biyo cikin jimlar kanta. Saƙon murya da aka tura ya rushe wannan tsari. Ga misali, shi ma ƙirƙirarre:

(8) Salamu alaikum ƴan uwa. Wallahi yanzu-yanzun nan da idona na gan su, sun nufo nan wajenmu. Kowa ya fita. A tura wa kowa.

Ko saƙon ya bi waya ɗari, haka zai iso, da *na gani* ɗinsa, da rantsuwarsa, da hakin mai magana. Mai sauraro yana jin muryar ganau, alhali shi jiyau ne na ɗari. Bugu da ƙari, akwai kalmomin da Jakobson da Benveniste suka yi bayani a kansu, waɗanda za mu kira kalmomi masu rataya, domin ma'anarsu tana rataye ga mai magana da wurinsa da lokacinsa: *ni*, *nan*, *yanzu*, *jiya*, *garinmu*. A (8), *nan* na iya zama wani ƙauye na Zamfara, *yanzu* kuma bara. Amma wanda ya saurara a Bangi zai rataya su ga kansa, ya ji *nan* ɗinsa da *yanzu* ɗinsa.

Kamfanin WhatsApp ya san da matsalar. A 2018 ya sa alamar da ke nuna cewa saƙo turo shi aka yi, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare 5 a lokaci guda, a 2020 ya ƙara matse saƙonnin da aka tura sau da yawa. Wannan alama ita ce *wai* ɗin na'ura. Sai dai rubutacciya ce, ƙarama, da faransanci ko ingilishi a yawancin wayoyi, a saman saƙon da aka yi domin wanda bai karatu.

Akwai kuma batun amana. A watan agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu a Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka samu waɗanda suka mutu. Mutane da yawa daga bakin ƴan uwansu suka ji, ta waya. Amanar da ake ba mai turowa ita ce ake ba saƙon, ko da shi ma bai san mafarinsa ba. Malaman hadisi sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka kafa binciken isnadi, wato a bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ke zuwa makarantar islamiyya da marece ba baƙo ba ne ga wannan tunani.

Saƙon murya bai da sunan marubuci, amma yana da shaida a cikinsa. Karin harshe shaida ne: mai cewa *munka*, *sunka*, *wanga*, *shina* daga yamma yake, irin hausar da Caron (1991) ya bayyana ta Adar, mai cewa *muka*, *suka*, *wannan*, *yana* kuwa ya fi kusa da Kano. Tsakanin Bangi da Sabon Birni karin harshe bai raba ba, amma kalmomin aro suna rabawa: mai ambaton jandarma da perfe da jikka yana wannan gefe, mai ambaton ciyaman da mobal da naira yana wancan. Wannan shi ne duba adireshin shafi ga mai sauraro.

5. Wane ɗan ƙasa?

Rabi na biyu na darasin shi ne abin da ake kira *citoyenneté numérique*, wato zaman ɗan ƙasa a intanet. Ribble da Bailey (2007) a Amurka sun kasa shi gida 9, Majalisar Turai ta fitar da nata jagora a 2019. Dukkansu sun ɗauka cewa ɗalibi yana ƙarƙashin ƙasa ɗaya da doka ɗaya. A Bangi yaron da aka haifa a nan da wanda iyayensa suka yi gudun hijira suna sauraron saƙo ɗaya, wanda wataƙila aka ɗauka a ƙasar da ba ta ɗayansu ba. Jama'ar da magana ke yawo cikinta ta harshe ce, iyakar ƙasa ba ta tsayar da ita.

Dokar kuwa ta ƙasa ce, kuma wajibi ne ɗalibi ya san ta. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga yuli 2019 ta tanadi hukunci a kan laifuffukan intanet. A 2022 aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a watan yuni na 2024 aka maido da shi. Akwai kuma laifin yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, wanda aka fayyace shi da abin da bayanin ka iya haifarwa. Haka nan, shawarar da manhajar ke bayarwa ta kwatanta kafofi da yawa tana tafiya da abin da kunne ke iya kamawa: an dakatar da RFI a Nijar a watan agusta na 2023, aka dakatar da BBC na wata 3 a disamba 2024, dukkansu kuwa suna da sashen hausa.

Haɗarin da muke hange shi ne malami, don gudun fitina, ya taƙaita darasin duka cikin jimla ɗaya: kada ka tura, kar a kama ka. Wannan tarbiyyar tsoro ce, kuma a wurin da gargaɗi ke ceton rai, shiru ma yana da nasa alhaki. Muna ganin ya fi dacewa a gina wannan rabi a kan abin da jama'a suka riga suka sani, wato haƙƙin maƙwabtaka da amanar magana. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan za ka isar, ka isar da tushe. Ka faɗi wanda ya gaya maka, da wurin, da ranar, ka kuma faɗi abin da ba ka sani ba.

6. Shawarwari

Nijar tana da gado a wannan fage. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, wadda aka kafa a 1962, a wancan zamani tana tara mutane su saurari shiri da harshensu, su tattauna, a ɗauki ra'ayoyinsu a rikoda a aika Yamai, kuma sau da yawa malaman makaranta ne ke jagorantar zaman. Sauraro tare da tattaunawa shi ne ainihin abin da muke nema a aji. Ta fuskar doka ma hanya a buɗe take: makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a koyarwa, kundin da aka zartar a watan maris na 2025 kuma ya ɗaga hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Muna ba da shawarar ayyuka uku, waɗanda ba su bukatar lantarki ko kwamfuta.

a) Jeranta jimloli. A ba ɗalibai irin (1) zuwa (6), su jera su daga mai nauyi zuwa marar nauyi, su kare jerinsu. Saɓanin da zai taso a kan (1) da (3) shi ne darasin.

b) Maido da *wai*. Malami ya karanta saƙo irin (8), ɗalibai su sake faɗinsa kamar yadda ya isa gare su a gaskiya: wani mutum da ban sani ba ya ce, a ranar da ban sani ba, ya ga ƴan bindiga a wurin da bai ambata ba. Daga nan a juya shi zuwa faransanci. Wannan shi ne darasin maganar wani a bakin wani da ke cikin tsarin karatun faransanci tun da ma, saboda haka ba a bukatar ƙarin sa'a.

c) Gyaran gargaɗi. Ɗalibai su tsara saƙon da ya cika sharaɗi: sunan gari maimakon *nan*, rana da sa'a maimakon *yanzu*, da bayanin ko gani aka yi ko ji.

Akwai iyakoki da ya kamata a faɗa. *Wai* tana iya zama garkuwar mai tsegumi, ya watsa magana ya ce shi dai ji ya yi, don haka sai an koyar cewa alamar ba ta sauke alhaki. Maƙaryaci na iya rantsuwa ya ce ya gani, kuma yanzu na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum, saboda haka karin harshe alama ce kawai, ba hujja ba. Sannan a Bangi da Buza da Keita akwai yara masu fulatanci da tamajak, waɗanda harsunansu ke bukatar irin wannan bayani daga masu nazarinsu. A ƙarshe, ba kowane malami da aka tura yankin ke jin hausa ba, wanda ke ji ma ba a horar da shi a kan nahawunta ba.

7. Kammalawa

Ba mu ce a ajiye manhajar UNESCO ba. Ɗalibin lise zai bukaci binciken hoto da karatun jarida, kuma babukanta a kan talla da aikin jarida suna da amfani. Abin da muka nuna shi ne daidaita ta da halin ƙasa ya wuce fassara ta da sauya sunayen misalai. Dole a ƙara mata babin da ba ta da shi, na magana da sauraro, a kuma fara da shi tun daga firamare. Wannan aiki ya rataya a wuyan sassan nazarin harsuna. Muna bukatar cikakken bayanin *wai*, *an ce*, *in ji* da *ashe* a kare-karen hausar Nijar, tare da yadda murya ke sauya ma'anarsu, da kuma tarin saƙonnin murya da aka rubuta bayan an cire sunayen masu su. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri na biyu, musamman ƴan asalin Madawa da Buza da Keita, su ne suka fi kowa dacewa da fara shi.